Darasi A Kan Tatsar Nono: Wane Famfo Ya Kamata A Saya Wa Mai Jego?

Zuwa ga Hakimai da malamansu, musamman na ƙasar Kankiya da ta Kusada. 

Abin da ya sa aka rubuta wannan darasi shi ne, wani baƙon kaya ya shigo kantunan magani da na kayan jarirai, har ya fara shiga cikin abubuwan da miji ya kan haɗa wa matarsa in haihuwa ta gabato. Kayan nan kuwa shi ne famfon tatsar nono. Da can a manyan asibitoci kaɗai a ke ganinsa. Yanzu kuwa mutumin Kunduru ko na Gyaza, in wata hidima ta kai shi Katsina ko Kano, sai ya gan shi cikin kwali mai hoton jariri kuɓul-kuɓul, mai kanti kuma ya ce masa ai matan zamani duk da shi su ke reno. Talaka in ya ji haka sai hankalinsa ya rabu biyu. In ya saya, kuɗin hatsi ne ya taɓa. In bai saya ba, yana tsoron kada a ce ya kasa.

Talakawa kuwa, kamar yadda kuka sani, ba su da wurin kai tambaya da ya fi ƙofar mai unguwa da ta dagaci da ta Hakimi. Maza ne ke riƙe da kuɗin sayen kayan haihuwa, su ne kuma ke zuwa fada. Saboda haka ya kamata malamin Hakimi ya san amsar da zai bayar, ya san kuma inda amsarsa ta ƙare, ya tura mutum wurin malamar asibiti.

Yawancin mata ba su bukatarsa

Wannan ita ce magana ta farko, kuma ita ce ta fi sauran nauyi. Matar da ta haihu lafiya, ɗanta yana kama nono, tana kuma tare da shi dare da rana, ba ta da abin da za ta yi da famfo. Babu wani ƙarfe ko roba da aka taɓa ƙerawa wanda ya iya jawo nono kamar bakin jariri.

Don a gane dalili sai a san yadda nono ke zuwa. Duk sa'ad da jariri ya tsotsa, saƙo ya kan tafi ƙwaƙwalwar uwa, ita kuwa ta saki waɗansu sinadarai iri biyu cikin jini. Ɗaya, wanda likitoci ke kira furolaktin, shi ke sa a ƙirƙiri nono. Ɗayan, watau oksitosin, shi ke matse 'yan jakunkunan da nonon ke ciki ya gangaro. Na biyun nan yana da kunya ƙwarai. In uwa tana cikin fargaba ko zafin ciwo ko ɓacin rai, ko kuwa ana tsaye a kanta ana kallo, sai ya ƙi fita, nono yana nan cike amma ba ya zubowa. In kuwa ta natsu, tana ganin ɗanta ko tana jin kukansa, sai ya zubo da kansa. Ba don a kwatanta ɗan Adam da dabba ba, duk wanda ya taɓa kwana a ruga ya ga irin wannan, gama Bafillatana ba ta fara tatsa sai an kwanto maraƙi ya ɗan tsotsa, sa'an nan saniya ta saki nono.

Abu na biyu kuma, gwargwadon yadda a ke cire nono, gwargwadon yadda ya ke ƙaruwa. In an bar shi a cike, jiki ya kan ɗauka ba a bukata, ya rage yi. Shi ya sa matar da ta ce nononta ya yi kaɗan, maganinta shi ne ta ƙara sa yaro a kai, dare da rana, a kuma duba ko yana kamawa daidai. Mijin da ke son taimakonta da kuɗinsa, gara ya ƙara mata abinci, ya rage mata daka da ɗiban ruwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun tsai da shawara cewa a sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya bayan haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6, ba ruwa ba kunu, daga nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Shekara biyun nan ba baƙuwa ba ce gare mu, tun da Alƙur'ani mai girma ya ambace ta cikin Suratul Baƙara. Inda gardama ta ke shi ne wajen ruwa. Tsofaffi su kan ce yaya za a hana yaro ruwa cikin bazara, ai alhaki ne. Amsa ita ce, in an kasa nonon uwa kashi 100, wajen kashi 87 ruwa ne, ruwa kuma wanda ƙwayar cuta ba ta faɗa masa ba. Ƙididdigar lafiya da aka yi a Nijeriya a 2018 ta nuna cikin jarirai 100 waɗanda ba su kai wata 6 ba, 29 ne kaɗai a ke ba nono zalla. Don haka ne a 2019 Gwamnatin Tarayya ta fara yaƙin hana ba jarirai ruwa kafin wata 6.

Waɗanda tatsa ta zama musu tilas

Amma fa akwai matan da dole su tatsa, kuma ga waɗansunsu ran yaro ne a kai.

Na gaba duka ita ce uwar bakwaini, ko uwar jaririn da aka haifa ƙarami ainun. Irin wannan yaro ba shi da ƙarfin tsotso, ga shi kuwa ya fi kowa bukatar nonon uwarsa, domin cikinsa bai yi ƙwarin da zai ɗauki madarar gwangwani ba. Mu ɗauki misali. A ce wata yarinya ta Kunduru ta yi haihuwar fari da wata bakwai, aka kai ta Babban Asibitin Kankiya, daga can aka wuce da ita Katsina, asibitin mata da yara na Turai Umaru 'Yar'aduwa. Yaro yana kwance, a kan ba shi nono ta 'yar tiyo ko da ƙaramin kofi. In ba a fara tatsar nonon yarinyar nan tun cikin sa'o'in farko ba, aka kuma ci gaba a ƙalla sau 8 cikin yini da dare, to, ranar da yaro ya yi ƙarfin kamawa sai a tarar nono ya tafi. Daga nan sai sayen madara, wadda mijin ba zai iya ɗorewa da ita ba, sai a riƙa tsinka ta da ruwa mai yawa don ta kai, sai gudawa, sai tamowa. Hanyar nan sananniya ce, kuma ta fara ne tun daga kwana biyun farko da aka yi sakaci.

A nan ne kunyar ɗan fari ta kan yi ɓarna. Al'ada ce mai daɗewa, ba kuwa a ce a watsar da kunya ba. Amma yarinyar da ke jin nauyin ɗaukar ɗanta gaban surukai, ta yaya za ta tatsi nono gabansu? Sai an ba ta wuri ita kaɗai, an kuma sami babbar mace ɗaya da za ta ce mata yi, ba kome.

Sauran su ne uwar yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe ko tsagaggiyar ganda, da matar da ciwo ya kwantar aka raba ta da ɗanta na 'yan kwanaki, da wadda nono ya cika mata ya yi tauri har yaro ya kasa kamawa. Sai kuma matan da aiki ko karatu ke raba su da jariri na sa'o'i da yawa, kamar malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da ɗalibai irin na makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a rana cikin lokacin aiki don ta shayar da ɗanta, ya kamata shugabannin wuraren aiki su san da haka. Matar da ke zuwa gona ko unguwa da ɗanta a baya ba ta cikin wannan lissafi.

Hannu da kofi

Ko ga waɗannan ma da muka lissafta, abin da za a fara koya musu shi ne tatsa da hannu. Ba a saye, ba ya lalacewa, ba ya bukatar batir, kuma duk inda mace ta tafi da shi ta ke tafe. Kada a ɗauka wannan dabarar matalauta ce. A 2016 masu binciken ƙungiyar Cochrane, waɗanda aikinsu shi ne tattara gwaje-gwajen likitoci su auna, sun duba hanyoyin tatsar nono, suka ga hanyoyi masu araha, watau hannu da ƙaramin famfo, tare da ɗumama nono da mulmula shi da kwanciyar hankali, su kan yi daidai da manyan famfunan lantarki ta fuskoki da dama.

Ga yadda a ke yi. Mace ta wanke hannuwanta da sabulu. Ta sami kofi mai faɗin baki da murfi, ta wanke shi, ta zuba masa tafasasshen ruwa ya ɗan jima, ta zubar. Ta zauna inda ba a damunta, yaro kusa da ita in da hali. Ta ɗora tsumma mai ɗumi a nono, ta shafa shi a hankali daga sama zuwa kai. Sa'an nan ta sa babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, suna duban juna, a wajen gefen baƙin nan da ya kewaye kan nono. Ta tura yatsun baya wajen ƙirji, ta matse su tare, ta saki, ta matse, ta saki. Kada ta ja kan nonon, kada kuma ta goga yatsu a fata, wannan shi ke kawo ciwo. In gefe ɗaya ya rage zuba ta juya yatsu zuwa wani gefe. Bayan minti 3 zuwa 5 ta koma ɗaya nonon, ta yi ta musanya haka har minti 20 ko 30. Da fari ɗigo ne za ta gani, kada ta karaya, hannu ya kan saba cikin 'yan kwanaki. In ta ji zafi, yatsun ne ba su zauna daidai ba.

Abin mamaki, tsofaffinmu sun iya wannan tun kafin a kawo asibiti, sai dai wurin da su kan yi amfani da shi ne ba daidai ba. A gidaje da yawa a kan tatse dakashi, watau nonon farko mai kauri mai ruwan ɗorawa, a zubar, wai ƙazanta ne, a riƙa ba yaro ruwa ko nonon akuya har kwana biyu ko uku. Waɗansu har su kan gwada nono da tururuwa ko da wuƙa mai zafi don su ga ko mai kyau ne. Gwajin nan ba ya nuna kome. Dakashi kuwa shi ne rigakafin yaro na farko, cike ya ke da abubuwan da ke kare hanjinsa daga cuta. Kaɗan ya ke zuwa, gaskiya ne, amma cikin jariri a ranar farko bai fi ɗaukar cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi a lokaci guda ba. Saboda ƙanƙantar nan tasa, hannu ya fi famfo wajen tatsarsa, don a kan tara shi kai tsaye cikin cokali, famfo kuwa sai ɗigon ya maƙale a jikin roba ya ɓace. Ungozomar da ta iya tatse dakashi ta zubar, abin da ya rage a koya mata shi ne ta tara cikin cokali mai tsabta ta ba yaro. Aikin da ya rage ke nan, ba shi da yawa.

Famfo iri-iri

To, in an gwada hannu, malamar asibiti kuma ta ga lalle matar nan za ta daɗe tana tatsa, sai a zo ga maganar famfo. Abin ba sabo ba ne a duniya, tun 1854 aka yi wa wani rajista a Amurka. Waɗanda a ke samu a kasuwa yau za a iya kasa su kamar haka.

Akwai mai ƙwallon roba a gindi, mai kama da ham ɗin keke. Shi ya fi kowanne araha, shi ne kuma wanda ba za a saya ba. Nono ya kan shige cikin ƙwallon, ba kuwa yadda za a wanke cikinsa, sai ya ruɓe a can ya zama gidan ƙwayoyin cuta. Ba a iya daidaita ƙarfin jansa, ya kan ji wa kan nono ciwo. Nonon da ya bi ta cikinsa bai kamata a ba jariri ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, wannan kuwa arahar har kisa ta kan yi.

Akwai na hannu mai mariƙi, wanda a ke dannawa a saki. Yana da mazurari da a ke kifawa a nono, da 'yar roba mai buɗewa da rufewa, da kwalbar da nono ke taruwa. In mai kyau ne, ana iya kwance shi gaɓa-gaɓa a wanke a tafasa. A ganina wannan shi ya fi dacewa da malamar makaranta ko ɗaliba wadda za ta tatsa sau ɗaya ko sau biyu a rana, kuɗinsa kuma bai kusa na mai lantarki ba. Aibinsa shi ne hannu ya kan gaji.

Akwai wani na roba mai taushi, guda ɗaya ne ba gaɓoɓi, a kan matse shi a manna a nono ya kama. Amfaninsa ya fi yawa wajen tara nonon da ke zuba daga gefe ɗaya sa'ad da yaro ke shan ɗayan. Ba shi da wuyar wanki, amma ba za a dogara da shi ba ga yaron da ba ya tsotso sam.

Sai na lantarki, wani na nono ɗaya, wani na biyu tare. Wannan ya fi sauri, kuma ga uwar bakwaini mai tatsa sau 8 kullum har makonni, sauƙi ne babba. Amma kafin mutumin ƙauye ya sa kuɗinsa, sai ya tambayi kansa ina wutar. Wanda sai an jona shi a bango ba shi da amfani inda wuta ba ta tabbata ba. Mai batir da a ke caji kamar wayar hannu ya fi, sai dai batir ya kan mutu, in ya mutu kuwa sau da yawa famfon duka ya mutu. Uwar da ɗanta ke kwance a asibiti ta fara tambayar ma'aikata ko suna da nasu kafin mijinta ya tafi kasuwa.

Abin da za a duba kafin a biya kuɗi

Ba a rubuta farashi cikin takardar nan ba, don kuɗin kaya ba ya tsayawa wuri ɗaya, abin da aka buga yau ya zama ƙarya kafin kaka. Amma ga yadda a ke lissafi. Kuɗin famfo ba shi ne wanda aka miƙa wa mai kanti kaɗai ba. A haɗa da sabulu, da ruwa mai tsabta, da itacen tafasa shi ko wace rana, da kuɗin caji, da kuɗin 'yar robar nan mai buɗewa da rufewa, wadda ta kan saki bayan 'yan watanni. In ta saki famfo ya daina ja, ko da kuwa sauran jikinsa sabo ne ful. Saboda haka mai saye ya tambaya, in robar nan ta lalace, ina zan sami wata? In mai kanti ya yi shiru, a ajiye masa kayansa.

A ce ya buɗe kwalin, ya kwance famfon a gaban mai saye. Duk inda nono zai taɓa, lalle ya zama ana iya cire shi, a ga cikinsa, a tafasa shi bai narke ba. A na lantarki a duba ko akwai 'yar tantani da ta tsare nono daga shiga tiyo da inji. In babu, nono da tururi su kan shiga inda ba a iya wankewa, su yi funfuna. A duba kuma ko kayan yana da sunan masu yinsa da takardar bayani, da lambar rajista ta NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da abinci da magunguna da kayan asibiti.

Sai girman mazurari, abin da kusan kowa ke mantawa. Yawanci su kan zo da mai faɗin milimita 24, matan duniya kuwa ba girmansu ɗaya ba. In ya yi ƙanƙanta sai kan nono ya riƙa gogar bango ya tsage. In ya yi girma sai ya zuƙe fata da yawa, nono ya kumbura, abin da ke fita kuma ya ragu. Miji ba zai iya auna wannan daga kasuwa ba. Shi ya sa ya fi kyau a bari sai an haihu, an ga ko da bukata, malamar asibiti ta duba ta faɗi wanda ya dace. Tatsa kuma ba ta da zafi in an yi ta daidai. Macen da ta ƙure ƙarfin famfo tana cije baki, wai don nono ya fi fita, akasin haka za ta samu, domin mun riga mun faɗa cewa zafi ke hana shi zubowa.

Na gwanjo da na aro fa? Gidajenmu an saba da aron kayan jego, ba laifi ga zani da baho. Amma famfo kayan mace ɗaya ne, sai fa irin na asibiti da aka yi shi don jama'a, wanda ko wace mace a kan ba ta nata mazurari da tiyo.

Wani tarko kuma yana cikin kwalin. Kusan ko wane famfo ya kan zo da bulumboti da kan roba. Wankin bulumboti yana da wuya ƙwarai a gidan da ruwa sai an ɗebo, ya kan kuma sa waɗansu yara su ƙi nonon uwa. Tun 1981 Babban Taron Lafiya na Duniya ya kafa ƙa'idar hana tallan madarar jarirai da bulumboti da kan roba, Nijeriya kuma ta yi nata doka a kan tallan madarar a 1990. A ba yaro nonon da aka tatsa da ƙaramin kofi. A zaunar da shi a cinya kansa a sama, a ɗora bakin kofi a leɓensa na ƙasa, a karkata har nono ya taɓa leɓe, a bar shi ya lasa ya kurɓa da kansa. Kada a ɗura masa, ɗure ya kan sa nono ya bi hanyar numfashi.

Wanki da ajiya

Ko wane amfani aka yi da famfo, sai a kwance shi, a ɗauraye, a wanke da sabulu cikin kwanon da aka keɓe don shi kaɗai, a sake ɗaurayewa, a shanya a kan tsumma mai tsabta inda ƙuda da ƙura ba su kai, ya bushe da kansa. Sau ɗaya a rana a tafasa shi minti 5, balle in yaron bakwaini ne ko bai kai wata 2 ba. Kada a ga kamar tsanani ne. A 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani bakwaini da ya mutu, aka bi sawu aka sami ƙwayar cutar da ta kashe shi a jikin kayan famfon da a ke wankewa a gida. In haka ta faru inda ruwan famfo ke zuba dare da rana, to, gidan da ba zai iya ɗaukar wannan wanki ba, hannu da kofi sun fi masa aminci nesa ba kusa ba.

Nonon da aka tatsa, in an rufe shi, ya kan kai sa'a 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba. A firijin da wutarsa ba ta yankewa ya kan kai kwana 4. Amma ƙasarmu daga Maris zuwa Mayu zafi ya kan kai digiri 40, saboda haka cikin bazara kada a jira sa'a huɗun nan ta cika. A sa kofin a rufe cikin kwanon ruwan sanyi a gindin randa. Tukunyar nan da a ke sawa cikin wata tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, ita ma tana taimako, amma ba firiji ba ce, kada a kwana da nono a ciki. In an ga nono ya rabu, mai ya taso sama, bai lalace ba, a ɗan juya shi. Ba a ɗora shi a wuta, sai dai a tsoma kofin cikin ruwan ɗumi. Abin da yaro ya sha ya rage, in ya wuce sa'a 2 a zubar.

Game da nonon da ya cika ya yi tauri, a tatsi kaɗan kawai, gwargwadon yadda zai yi laushi yaro ya kama, a ɗora tsumma mai sanyi bayan ya sha. Yawan tatsa a nan ƙara cika ya ke yi. In gefe ɗaya ya yi ja ya yi zafi, ga zazzaɓi har ya kwana, sai asibiti, kada a tsaya shafe-shafe ko a kira wanzami. Yaro kuwa ya ci gaba da sha, nonon ba zai cuce shi ba.

Maganar shari'a, da aikin malamin Hakimi

Akwai wata magana wadda mai kanti ba zai faɗa ba, likita ma ba lalle ya tuna da ita ba, amma ku ta shafe ku kai tsaye. Tun da nono ya zama abin da a ke iya zubawa a kofi a ajiye, ya zama kuma abin da a ke iya ba ɗan wata. Uwa ta rasu wurin haihuwa, ko ta kwanta ciwo, kishiya ko maƙwabciya mai goyo ta tatsa ta bayar. Taimako ne mai lada, kuma ya fi madarar gwangwani, in dai malamar asibiti ta tabbatar mai bayarwar ba ta ɗauke da cutar da ke bin nono. Amma a mazhabar Malikiyya, wadda mu ke bi, nonon mace in ya isa cikin yaro a tsakanin shekara biyun shayarwa, ko kaɗan ne, ko da kofi ko da cokali aka ba shi, ya sa 'yan'uwantaka ta shayarwa, ya kuma haramta aure tsakanin yaron nan da 'ya'yan matar. Shan da aka yi a bakin nono mutanen gida su kan gani su tuna. Wanda aka yi da kofi cikin dare, bayan shekara 20 ba mai tunawa sai tsohuwa ɗaya, ita ma wataƙila sai an ɗaura aure za ta yi magana.

Don haka a umurci dagatai da masu unguwanni, duk gidan da aka ba jariri nonon wata mace ba uwarsa ba, a sanar da liman da mai unguwa, a kawo wa malamin Hakimi ya rubuta sunan yaro, da na mahaifinsa, da na matar da ta bayar, da na mijinta, da shekara, a ajiye tare da littafin haihuwa. A gidan da masu goyo biyu ke tatsa kuwa, ko wace ta yi wa kofinta alama, kada mai reno ta ɗauki na wannan ta ba ɗan waccan. In an sami wata mas'ala mai sarƙaƙiya a kai ta gaban malamai ko alƙali.

Lokacin da ya fi dacewa a yi shelar wannan duka shi ne makon shayarwa na duniya, daga 1 zuwa 7 ga Agusta, wanda a ke yi ko wace shekara tun 1992. Hakimi ya sa a tara ungozomomin ƙasarsa, a roƙi malamar asibiti mafi kusa ta nuna musu tatsa da hannu da shayarwa da kofi, su kuma su shiga gidaje su koyar, tun da su ke da izinin shiga inda malamin Hakimi ba ya shiga. Maza kuwa a karanta musu sashen lissafin kuɗi a ƙofar fada ko bayan sallar Juma'a.